Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Ciyawar da Ke Ƙamshin Karas

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, domin waɗanda suka fi son karatu da kuma waɗanda data ta yi wa tsiya.

  

Yau kan ciyawa za mu yi magana. E, ciyawa, daidai kuka ji. Na san wani zai ce duk abubuwan da ke faruwa a duniya a rasa abin tattaunawa sai haki? Ku ɗan yi haƙuri ku biyo ni, kafin mu kai ƙarshe za ku ga akwai rai a cikin zancen.

Abin da ya jawo maganar shi ne, wata ƙanwarmu mai sauraron shirin nan, ɗaliba da ke karatu a jihar Luwiziyana a kudancin Amurka, ta turo mini hotuna uku da saƙon murya. Ta ce, "Yaya, don Allah duba mini wannan. A bayan ɗakinmu akwai wata magudanar ruwa da kullum gefenta a jiƙe yake, sai na ga wannan ganyen ya fito da yawa. Na murza shi a hannu na ji yana ƙamshin karas. Na ɗauke shi da manhajar gane tsirrai ta ba ni sunansa, kuma na ga wani a TikTok yana cin irinsa. Wallahi na yi kewar ganyen gida. In yanka shi a cikin dafa-duka?"

Amsar da na ba ta a take gajeriya ce. Na ce, "Ƙanwata, kar ki ci tukuna." Doguwar amsar kuma ita ce wannan shiri.

To bari mu fara da sunan da manhajar ta ba ta. A Turanci ana ce masa marsh parsley. Kalmar farko fadama take nufi, ta biyun kuma ganyen nan ne da masu girkin zamani ke yayyafawa a kan abinci, wanda wasu ke ce wa fasili. Saboda haka mu a nan, don sauƙin magana, bari mu riƙa kiransa fasilin fadama. Masana tsirrai kuwa Cyclospermum leptophyllum suke ce masa. Kar sunan ya firgita ku, daga Girkanci aka haɗo shi. Kashin farko yana nufin iri mai zagaye, na biyun yana nufin siririn ganye. Kun ga ke nan sunan kansa ya ba mu rabin kamanninsa.

Akwai wani abu a tarihin sunan da nake so ku riƙe. A shekarar 1805 wani masani mai suna Persoon ya rubuta bayanin wannan tsiro, ya sa shi a gida ɗaya da yansun. Daga baya wasu masanan suka duba suka ce a'a, ɗan gidan seleri ne, suka mayar da shi can, ya daɗe a haka. Daga bisani aka sake dubawa aka ware masa gidan da yake a yau. Wato mutanen da aikinsu ke nan, suna da madubin ƙara girma da busassun samfura a gabansu, sai da suka yi ta canza masa wuri. To ina ga ni da ku, da ba mu da komai sai wayar hannu?

Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, musamman ta Kudu, wajajen Burazil da Ajantina. Amma yanzu ya zama ɗan duniya. Yana nan birjik a kudancin ƙasar Amurka, yana Ostireliya, yana Indiya da Sin da Japan, yana kudancin Turai, ya kuma shiga kudanci da gabashin Afirka. Ba wanda ya ba shi biza. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ya bi ruwa, ya manne a taɓon takalmi ko tayar mota, ya ɓuya a ƙasar tukunyar fulawa, ko ya gauraya da irin shuka a yi tafiya da shi.

Danginsa kuwa kun san su sarai, suna cikin kicin ɗinku. Karas ɗin da ake nomawa a Kano da Zariya da Jos ɗan wannan dangi ne. Haka seleri da fasili. Haka su kuzbara da kammun da shammar da yansun da kuke gani a shagunan maganin Musulunci. Babban dangi ne mai nau'i fiye da 3,000, kuma tambarinsu ɗaya: furensu yana fitowa ne kamar lema. Ƙananan tsinkaye su taso daga wuri guda su baje kamar ƙarafunan lema, kowanne da 'yan furanni a kansa. Tsohon sunan dangin ma ma'anarsa ke nan, masu ɗauke da lema. Da yawanmu ba mu taɓa ganin furen karas ba, domin sai a shekararsa ta biyu yake fure, mu kuma tun a watannin farko muke tuge shi mu kai kasuwa.

Yawwa. Yanzu ta yaya ake gane fasilin fadama? Alamomi shida zan ba ku, kuma ku lura, sai sun haɗu gaba ɗaya ake magana.

Ta farko, girmansa. Ƙaramin tsiro ne mara ƙarfi. In ya samu wuri mai daɗi ya kai santimita 60, wato bai cika wuce gwiwar babban mutum ba. Sau da yawa ma ba ya miƙewa sosai, sai ya yi rassa ya kwanta a kan ciyawar da ke kusa da shi.

Ta biyu, ganyensa. Ganyen a tsattsage yake, ya rarrabu ya sake rarrabuwa har ya koma kamar zare. Kowane sili faɗinsa bai fi milimita ɗaya ba, musamman na sama. Ku ɗauki ganyen karas a ranku, sai ku sirantar da shi sosai. A gindin ganyen, inda ya haɗu da kara, akwai ɗan faffaɗan wuri da ya rungume karan.

Ta uku, karansa. Siriri ne, kore, mai santsi. Babu gashi ko kaɗan a jikinsa, ko a kara ko a ganye.

Ta huɗu, kuma wannan tana da muhimmanci ƙwarai, inda furen yake zama. Yawancin 'yan wannan dangi suna ɗaga lemarsu can sama a kan dogon tsinke, kowa ya gani daga nesa. Shi kuwa fasilin fadama ɓoye tasa yake yi. Lemar tana fitowa ne a gaɓar kara, daura da ganye, wato ganye a wannan gefe, fure a wancan gefe, kuma sau da yawa a manne take da karan, ba ta da dogon wuya. Tsinkayenta kaɗan ne, galibi biyu ko uku. A ƙarƙashinta babu wasu ƙananan ganyaye da suka yi mata kwala. Furannin farare ne, ƙanana sosai, in ba ka durƙusa ba ba za ka san ya yi fure ba.

Ta biyar, 'ya'yansa. Ɗan ƙwallo ne mai ɗan tsawo kaɗan, kusan milimita biyu, bai kai ƙwayar riɗi ba. Ba shi da ƙaya, ba shi da gashi. A jikinsa akwai layuka masu tudu da suka taso daga gindi zuwa sama, in ya bushe sai ya rabe gida biyu, kowane ɓari da layi biyar. Ku matso da kyamarar waya ku ƙara girman hoton, za ku gan su.

Ta shida, saiwarsa. Guda ɗaya ce siririya mai nutsawa ƙasa, kamar karas ɗin da bai samu abinci ba. Ba ta da kauri, ba ta yin dunƙule-dunƙule kamar rogo ko dankali.

Wani zai ce, to ƙamshin fa? Ai ita ƙanwar tamu da ƙamshi ta fara. Gaskiya ne, in ka murza shi yana ƙamshin karas da seleri. Amma da gangan na ƙi sa ƙamshi a cikin alamomin, kuma yanzun nan za ku ji dalili.

Kafin nan bari in ɗan faɗi yadda rayuwarsa take. Tsiro ne na shekara ɗaya. Ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu, duk a zagaye guda, kamar gero. A kudancin Amurka yakan fara fitowa ne in gari ya yi sanyi, ya yi fure in ɗumi ya fara shigowa. Duk da sunansa na fadama, ba sai cikin ruwa tsamo-tsamo yake rayuwa ba. Abin da yake so shi ne ƙasa mai danshi wadda aka taɓa: bakin kwata, gefen hanya, lambu, filin ciyawar ado da ake yawan ba ruwa, tukwanen masu renon fulawa, har tsagar daɓen siminti in ruwa na taruwa a wurin. Shi ya sa ganinsa da yawa a wuri yakan nuna cewa ruwa na kwanciya a wurin, ko ana ba da ruwa fiye da kima.

Mai cutarwa ne ko mai amfani? Ya danganta da wanda ka tambaya. Ka tambayi manomin karas ko seleri, zai ce maka annoba ne. Dalili kuwa, maganin feshin da ake amfani da shi a gonar karas an zaɓe shi ne don ya kashe sauran ciyayi ya bar karas, to shi kuma wannan ɗan uwan karas ne, sai ya laɓe a bayan zumunci ya tsira. Ga shi suna kama tun suna ƙanana, mai cirar ciyawa da hannu ma sai ya lura da kyau. Ka tambayi masu kiwon shanun madara a gabashin Ostireliya, za su ce maka in saniya ta ci shi da yawa madararta takan ɗauki wani ɗanɗano da wari da masu saye ba sa so. Amma ka je Indiya, busassun 'ya'yansa suna cikin kayan maganin gargajiyarsu na Ayurveda, da sunan ajmoda. A Amurka kuma akwai wani baƙin malam-buɗe-littafi mai kyau da tsutsarsa ke rayuwa a kan ganyen 'yan wannan dangi, har da shi, don haka wasu masu lambu da gangan suke barinsa.

Kun ga ke nan shi kansa fasilin fadama ba ya cikin tsirran da aka sani da kisa. To me ya sa na ce wa ƙanwarmu kar ta ci?

Saboda hotunan nan uku da ta turo duk ganye ne. Babu fure, babu 'ya'ya, babu saiwa. A wannan dangi kuwa ganye shi ne shaidar da ta fi kowace rauni. Masana kansu in suna son tabbatarwa, nunannun 'ya'ya suke nema. Kuma a cikin dangin nan da ya ba mu karas da kammun, akwai wasu daga cikin tsirrai mafiya dafi a duniya, su ma kuma wuri mai danshi suke so.

Bari in gabatar muku da biyu.

Na farko sunansa koniyum, Turawa na ce masa hemlok. Asalinsa Turai da arewacin Afirka da yammacin Asiya, amma ya bazu a Amurka da Ostireliya, yana son bakin rafi da gefen magudanar ruwa. Da shi aka kashe masanin falsafar nan na Girka, Sokiratis, a birnin Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, bayan kotu ta yanke masa hukuncin shan guba. Dafinsa yana kashe jijiyoyin da ke motsa jiki ne. Ƙafafu su fara yin nauyi, abin ya riƙa hawa sama, har ya kai ga naman da ke jan numfashi, alhali sau da yawa mutum yana cikin hankalinsa. In ya girma ba shi da wuyar ganewa: yakan fi mutum tsawo, ya kai mita biyu har ya wuce, karansa mai kauri ne da rami a ciki, da ɗigo-ɗigon shunayya a jiki, kuma yana wani wari mara daɗi kamar na ɓera. Matsalar ita ce shekara biyu yake yi. A shekarar farko a ƙasa yake kwance, ɗan gajere, ganyensa kamar na fasili ko na karas. A wannan matakin ne yake yaudarar mutane.

Na biyu ya fi shi sharri. Sunansa sikuta, wato hemlok ɗin ruwa, kuma ana lissafa shi a sahun gaba na tsirrai masu dafi a Amurka ta Arewa. Shi a fadama ta gaske yake zama, bakin tafki da rafi da kwata, har a jihohin kudu irin wadda ƙanwarmu take. Saiwarsa dunƙule-dunƙule ce mai kauri. In aka tsaga gindin karan za a ga ɗakuna-ɗakuna a ciki, da wani ruwa mai maiƙo, rawaya, yana tsattsafowa. Kun san ƙamshin me yake yi? Ƙamshin karas. Wannan ne dalilin da na cire ƙamshi daga cikin alamomi. Hancinka zai gaya maka dangin da tsiro ya fito, amma ba zai gaya maka ko wane ne a cikin dangin ba. Dafin sikuta ƙwaƙwalwa yake bugawa. Cikin minti 15 zuwa awa ɗaya sai amai, sai dalalar miyau, sai jijjiga mai tsanani irin ta farfaɗiya, tana tafiya tana dawowa. Wanda aka fi sani ganyensa yana da faɗi da baki kamar zarto, bai yi kama da namu ba. Amma akwai wani nau'insa a arewacin Amurka da Kanada mai siraran ganye ƙwarai, wanda baƙon ido zai iya ɗauka fasilin fadama ne.

Kar ku ɗauka labarin littafi ne kawai. A watan Oktoba na 1992, a jihar Maine da ke arewa maso gabashin Amurka, wani saurayi ɗan shekara 23 da yayansa ɗan shekara 39 suka shiga daji neman saiwar jinsin, wadda ake magani da ita. Ƙanen ya tono wata saiwa a wuri mai fadama ya gatsa sau uku, yayan ya gatsa sau ɗaya. Cikin rabin awa ƙanen ya fara amai da jijjiga. An kai shi asibiti, amma cikin kamar awa uku rai ya yi halinsa. Yayan shi ma ya yi jijjiga, Allah ya yi da sauran kwanansa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoton. Saiwar sikuta ce. Gatsa uku, jama'a.

Akwai kuma masu kama da shi waɗanda ba su kai waɗannan haɗari ba, amma suna rikita mai dubawa. A fadamun kudu maso gabashin Amurka akwai wani mai suna Ptilimnium, ganyensa zare-zare ne sak irin na fasilin fadama. Bambancin yana wajen fure: shi lemarsa a sama take a kan dogon tsinke, mai tsinkaye da yawa, da 'yan siraran ganyaye a ƙarƙashinta. Karas ɗin daji kuma gashi ne da shi a kara. Kun ga yadda alama ta uku da ta huɗu suke raba gardama.

To manhajar waya fa? Ni ma ina amfani da ita, kuma tana taimakawa. Amma ku fahimci abin da take yi. Hotonka take kwatantawa da dubban hotunan da aka koya mata, ta ce maka wannan ya fi kama da kaza. Ba ta tono saiwa, ba ta juya ganye, ba ta san abin da ka bari a wajen hoton ba. In ka ba ta ganye kaɗai, a kan ganye kaɗai za ta yi hukunci. In ta yi kuskure kuma ba ita za a kwantar a asibiti ba. Mai bidiyon TikTok shi ma haka. Wataƙila ya san abin da yake ci, wataƙila shekara ashirin yana wannan harka. Abin da ke hannunsa ka gani, ba ka da tabbacin shi ne abin da ke bayan ɗakinka.

Na fahimci inda ƙanwarmu ta fito, don mu mutane ne masu cin ganyen daji. Tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya, rama, duk mun ci, da damina a bayan gari ake tsinko wasunsu a yi kwaɗo ko miya. Saboda haka in Bahaushe ya ga ɗanyen ganye ya yi kyau, hannunsa ƙaiƙayi yake. Amma ku tuna yadda muka san tafasa. Ba a hoto muka koya ba. Kaka ce ta riƙe hannun uwa ta nuna mata, uwa ta nuna mana, a wannan ƙasar, a wannan dajin, shekara da shekaru. Su ne kuma suka nuna mana zaƙami suka ce wannan ko kusa. Wannan ilimi na gaske ne, sai dai ilimin wuri ne, ba ya shiga jirgi ya bi ka Amurka ko Ingila ko Indiya. In ka sauka a wata ƙasa, dajinta sabon karatu ne. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Saboda haka ga ƙa'idar da nake so kowa ya tafi da ita. Duk tsiron da ka gani ya fito da kansa, mai ganye irin na karas ko fure mai kama da lema, musamman a wuri mai danshi, kar ka kai shi baki. Kar ka ɗanɗana don ka gwada. Kar ka bar yara su yi wasa da karansa, domin an sha samun yaran da suka sha guba ta hanyar yin usur da karan hemlok mai rami. Fasili da seleri suna nan a kanti da araha, wanda aka shuka aka san asalinsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuma tsautsayi ya faɗa, wani ya ci, to asibiti kai tsaye, kar a jira a ga alama. Kar a sa shi amai da ƙarfi, kar a ɗura masa manja ko madara kamar yadda muka saba a gida, domin in jijjiga ta zo abin da ke bakinsa zai iya wucewa huhu. A ɗauki ragowar tsiron har da saiwarsa a leda a tafi da shi, a kuma riƙe lokacin da ya ci. Waɗannan dafin biyu ba su da wani makari na musamman. Abin da likitoci ke yi shi ne su tsayar da jijjigar, su taimaka wa numfashi har jiki ya fitar da gubar, shi ya sa saurin zuwa yake da muhimmanci. Waɗanda ke ƙasashen waje, ku nemi lambar agajin gaggawa da ta cibiyar kula da shan guba ta inda kuke, ku ajiye a waya tun yau.

Wanda kuma fasilin fadama ya dame shi a lambu ko a tukwanen fulawa, maganinsa yana cikin abin da muka faɗa ɗazu. Tunda na shekara ɗaya ne, duk jarinsa iri ne. Ka hana shi zubar da iri, ka karya shi. A tuge shi da hannu tun kafin ya yi fure, lokacin da ƙasa ke da danshi, saiwar za ta fito gaba ɗaya. A sa safar hannu, don wasu 'yan dangin nan ruwansu na ƙona fata in rana ta taɓa wurin. In ya riga ya yi 'ya'ya kar a yar da shi a gefen lambu, a ƙulle a leda a fitar. A rufe ƙasa da busasshen ganye ko ɓawon itace don irin da ke ƙasa ya rasa haske. Yankan ciyawa da inji ba ya gamawa da shi, tunda yana kwanciya ya yi fure a ƙasa-ƙasa. Sannan a gyara inda ruwa ke kwanciya. Kuma a sa rai zai sake fitowa baɗi daga irin da ya riga ya zube, sai an jure.

To me ya faru da ƙanwar tamu? Na ce mata ta bar shi ya ƙara kwana biyu, ta sa safar hannu ta tugo guda ɗaya har saiwa, ta ɗauko mini hoton gaɓar kara da na 'ya'yan a kusa. Bayan kamar mako biyu ta turo. Ga 'yar lema a manne daura da ganye, tsinkaye uku, ga 'ya'ya masu layi-layi, ga siririyar saiwa guda ɗaya. Alamomin duk sun haɗu. Manhajar ta yi daidai a wannan karon. Sai ta ce, "To Yaya, yanzu in ci?" Na ce, "Ƙanwata, yanzu kin san sunansa, amma kin san abin da ke bin wannan kwatar? Kin san ko masu kula da harabar sun yi feshi a wurin?" Ta yi dariya ta ce ta haƙura, za ta bar wa malam-buɗe-littafi kayansa. Na ce in ana zuwa daga gida a taho mata da busasshen zogale da kuka, in dokar shiga da kaya ta ƙasar ta yarda.

Abin da ya burge ni da ita shi ne ta tambaya kafin ta ci. Mai tambaya ba ya ɓata.

Aikin gida na wannan mako: duk wanda ke kusa da masu lambu, ya roƙi a bar masa karas guda ɗaya a ƙasa kar a tuge, ko ya shuka kuzbara a tsohon bokiti, ita cikin 'yan makonni take fure. Ku ga lemar nan da idonku, ku ƙirga tsinkayenta, ku duba 'ya'yan in sun nuna. Wanda ya taɓa ganin ta sau ɗaya zai riƙa gane dangin a duk inda ya je. In kun yi, ku turo mana hoton.

Wanda yake da ɗan uwa ko 'yar uwa da ke karatu ko aiki a waje, ya tura masa wannan. A nan za mu dakata. Allah ya tsare mu da abin da za mu ci ya cutar da mu, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.